Na Fara Shan Magani, Fargaba Ta Ƙaru, Karatu Ya Ƙi Shiga: In Daina Sha?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne mai shekara 23, ina ajin ƙarshe a jami'a. Na yi watanni ina fama da faɗuwar gaba da tunani barkatai, har wata rana a cikin adaidaita-sahu numfashina ya sarƙe, na ɗauka ajalina ne ya zo. An auna zuciyata a asibiti an ce lafiyarta ƙalau. Likita ya ce ciwon fargaba ne, ya rubuta mini sertraline miligiram 50, ƙwaya ɗaya kullum, ya ce in koma bayan wata guda. Yau kwana 12 ke nan da farawa, amma maimakon sauƙi sai abin ya ƙaru: hannuna na rawa, barci ya ƙaurace mini, kuma sai in karanta shafi ɗaya sau uku ban riƙe komai ba. Ina shan kofi da goro don in iya karatun dare. Abokin ɗakina ya ce in karɓi diazepam a kemis in riƙa samun barci, mahaifiyata kuma ta ce in zubar da maganin, wai irin waɗannan ƙwayoyi ne ke haukata mutum, gara a kai ni wurin malam. Jarrabawa saura mako biyar. Yaya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya ba ka lafiya, ya sa kaffara ne. Kada ka zubar da maganin, kada kuma ka zauna jiran wata ya cika kafin ka koma asibiti. Ka ɗauki katinka ka je wurin likitan da ya rubuta maka shi a cikin makon nan, domin ranar da ake rubuta wa majinyaci ta komawa an sa ta ne bisa tsammanin komai zai tafi daidai, kuma babu likitan kirki da zai ji haushin wanda ya dawo da wuri saboda magani ya takura masa.

Abin da kake ji a kwanakin nan sananne ne ga duk wanda ya saba da wannan rukuni na magunguna, wanda ya haɗa da sertraline da fluoxetine da escitalopram. Aikinsu shi ne ƙara yawan wani sinadari mai suna serotonin a tsakanin jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Sinadarin yana ƙaruwa cikin 'yan sa'o'i bayan an haɗiyi ƙwayar farko, amma jijiyoyin da ke karɓarsa sai sun ɗauki makonni kafin su daidaita kansu da sabon yanayin, kuma amfanin maganin yana zuwa ne daga wannan daidaituwar. A tsakanin waɗannan lokuta biyu ne mutum yake shan wahalar da ka bayyana: rawar hannu, tashin zuciya, ciwon kai, gudawa wani lokaci, rashin barci, da fargabar da ta fi ta da. Masu irin ciwonka, waɗanda firgici ke afka wa farat ɗaya, sun fi kowa jin wannan, saboda jikinsu ya riga ya saba da saurarar kowane ɗan motsi na zuciya yana fassara shi da haɗari. Wannan ne ya sa likitoci da yawa suke fara wa irin waɗannan majinyata da miligiram 25 na tsawon mako guda kafin su kai su 50. Ko likitanka zai ga dacewar ya rage maka na ɗan lokaci, ko ya ce ka daure tunda ka riga ka ci rabin wahalar, wannan hukuncinsa ne bayan ya gan ka ido da ido, kuma bai kamata ka raba ƙwayar biyu da ra'ayin kanka ba.

A bisa yadda aka saba gani, waɗannan matsaloli na farko suna lafawa cikin mako ɗaya zuwa biyu, sauƙin ciwon yana fara bayyana tsakanin mako na biyu da na huɗu, cikakken amfani kuma yakan kai mako shida zuwa takwas, wani lokaci har goma sha biyu, kafin a yanke hukuncin cewa maganin ya karɓi mutum ko bai karɓe shi ba. Idan ka lissafa, ranar da za ka shiga ɗakin jarrabawa ta faɗo ne a wajen mako na bakwai da fara shan maganin, wato daidai lokacin da ake sa ran ka fara jin daɗinsa. Idan ka daina yau, ka sha wahalar kwana 12 a banza, ciwon da ya kai ka asibiti yana nan inda yake, kuma duk ranar da ka sake farawa daga farko za ka faro. Abin da ya fi dainawar muni shi ne a sha yau a bari gobe, domin hakan yana hana jiki sabawa, yana kuma maimaita wa mutum wahalar makon farko. Idan ka manta ba ka sha ba wata rana, ka ci gaba da ta washegari kamar yadda ka saba, kada ka haɗa biyu.

Akwai alamomin da ba a yi musu haƙuri, kuma ina so ka karanta wannan sashe a tsanake. Idan tunanin kashe kanka ko cutar da kanka ya fara zuwa maka, ko ka ji rayuwar ta fita daga ranka fiye da yadda kake ji kafin fara maganin, ka gaya wa wani na kusa da kai a wannan ranar, ka miƙa masa duk magungunan da ke ɗakinka ya riƙe maka, ku tafi asibiti tare ko da dare ne. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan wannan rukunin magani game da yara da matasa a shekarar 2004, ta kuma faɗaɗa shi a 2007 ya haɗa da 'yan shekara 18 zuwa 24, saboda an lura cewa a makonnin farko irin wannan tunani yana ɗan ƙaruwa ga wasu daga cikinsu. Kai kana cikin waɗannan shekarun, don haka ya dace abokin ɗakinka ko wani ɗan'uwanka ya san kana shan magani, ya riƙa lura da kai. Haka nan idan ka ji ƙafafunka sun hana ka zama wuri ɗaya, kana ta kai-komo a ɗaki kamar ana tsikarinka daga ciki. Ko ka kwana biyu ko uku ba barci amma ba ka jin gajiya, magana ta yi maka yawa, kana jin babu abin da ya fi ƙarfinka. Ko zazzaɓi ya rufe ka tare da gumi da karkarwa da ruɗewa. Ko ƙuraje da kumburin fuska suka fito maka, duk waɗannan na ganin likita ne nan take. Asibitocin koyarwa suna da sashen ƙwaƙwalwa, irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, ga kuma asibitocin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da Kware a Sakkwato, da Maiduguri, da Dawanau a Kano, kuma sashen gaggawa na kowane babban asibiti zai karɓe ka.

Shawarar abokin ɗakinka ta fito ne daga tausayi, amma ba zan goyi bayanta ba. Diazepam yana kwantar da fargaba cikin ƙasa da sa'a guda, kuma wannan saurin nasa shi ne tarkonsa. Jiki yana sabawa da shi cikin makonni kaɗan, ƙwaya ɗaya ta daina isa, ranar da aka rasa shi kuma fargabar ta dawo da ƙarfin da ya fi na farko, an gudu ba a tsira ba. Ga ɗalibi kuma yana da wata illa ta musamman, domin yana raunana yadda ƙwaƙwalwa ke ajiye sabon abu, ta yadda za ka yi karatu da dare, ka sha shi ka kwanta, ka tashi da nauyin kai kana laluben abin da ka karanta. Gaskiya ne likitoci sukan haɗa shi ko ɗan'uwansa da sertraline na 'yan kwanaki a farkon jinya, amma suna yin haka ne da adadi ƙididdigagge da ranar dainawa a rubuce, wanda mai kemis ba zai yi maka ba. Tramadol kuwa, wanda ya yi yawa a hannun matasanmu har wasu na ɗaukarsa maganin gajiya, ka nisance shi gaba ɗaya, domin shi ma yana ƙara serotonin, kuma haɗuwarsa da sertraline na iya jawo zazzaɓi da karkarwa da ruɗewar da na ambata, ko ma farfaɗiya. Duk lokacin da za a ba ka wani magani, ko na mura ne ko na zazzaɓin cizon sauro, ka ambaci sunan wanda kake sha. Magungunan mura da yawa suna ɗauke da sinadarin da ke buɗe hanci yana kuma hanzarta bugun zuciya, sannan ibuprofen da diclofenac suna ƙara yiwuwar zubar jini a ciki idan aka daɗe ana haɗa su da sertraline. Farasitamol zalla ya fi maka.

Inda na fi tsayawa a wasiƙarka shi ne layin da ka rubuta kamar ba komai ba, wato kofi da goro. A ganina kusan rabin matsalarka ta yanzu a nan take. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙarin kuzari duk sinadari ɗaya ne ke aiki a cikinsu, wato sinadarin kafeyin (caffeine), kuma abin da yake yi wa jiki shi ne ainihin alamomin fargaba: bugun zuciya, rawar hannu, gumi, da rashin sukuni. Jiki yana ɗaukar wajen sa'a biyar kafin ya fitar da rabin abin da aka sha, ma'ana kofin da ka karɓa wurin mai shayi da ƙarfe goma na dare, rabinsa yana nan cikin jininka da ƙarfe uku na dare, lokacin da kake juyi a kan katifa kana zargin maganin likita. Har Panadol Extra da mutane ke sha don ciwon kai yana ɗauke da wannan sinadari a kowace ƙwaya. Dubi yadda abin yake zagayawa: ba ka yi barci ba, da safe kai ya yi nauyi, karatu ya ƙi shiga, ka tsorata da jarrabawa, ka ƙara kofi don ka rama da dare, kofin ya hana ka barci ya kuma ƙara maka faɗuwar gaba. Kada ka yanke shi rana ɗaya, domin hakan yana kawo ciwon kai mai tsanani. Ka rage shi sannu a hankali cikin mako guda ko biyu, ka fara da hana kanka duk wani kofi ko goro bayan azahar.

Rashin riƙe karatu da ya fi tayar maka da hankali yana da tushe uku a halin da kake ciki, kuma maganin shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Na farko ciwon ne da kansa, domin hankalin da ke gadin bugun zuciya yana lissafin abin da zai faru idan aka faɗi jarrabawa ba shi da sauran wurin da zai ajiye abin da ido ke karantawa. Na biyu rashin barci ne, tunda a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke tabbatar da abin da aka koya da rana. Na uku shi ne ɗan dishi-dishin da maganin ke kawowa a makonnin farko. Babu ɗaya daga cikin ukun da ke nufin ƙwaƙwalwarka ta lalace ko basirarka ta ragu. Ka tambayi kanka tsakani da Allah ko karatun yana shiga yadda ya kamata a watannin da suka gabaci zuwanka asibiti. Mafi yawan masu irin wannan ƙorafi idan suka waiwaya sukan ga cewa matsalar ta riga maganin zuwa.

Saboda haka ka sauya tsarin karatunka na waɗannan makonni. Ka bar karatun dare, ka mayar da mai nauyin zuwa bayan sallar asuba da hantsi. Ka zauna minti 20 kacal a kan abu ɗaya, wayarka tana cikin jaka ko a hannun wani, sannan ka rufe littafin ka rubuta ko ka faɗi da baki abin da ka tuna, ko da layi uku ne, ka buɗe ka duba inda ka yi kuskure, ka tashi ka miƙe ƙafa na minti biyar, ka dawo. Wannan ita ce hanyar da mai hadda yake bi, yana kife allo ya karanto da ka, kuma ta fi maimaita shafi sau uku da ido amfani nesa ba kusa ba. Zama shida ko takwas irin wannan a rana ya fi kwana a aji ana gyangyaɗi. Ka nemi tsofaffin takardun jarrabawa, ka kuma sami abokin karatu ɗaya da za ku riƙa yi wa juna tambayoyi, domin magana da wani tana riƙe hankalin da ke son guduwa. Idan wani tunani ya faɗo maka a tsakiyar karatu, ka rubuta shi a gefen takarda ka ce masa sai bayan la'asar, sannan bayan la'asar ɗin ka ware minti 15 ka duba abin da ka tara. Za ka tarar da yawansu sun riga sun huce. Tafiyar ƙafa ta rabin sa'a kullum kafin magariba tana rage fargaba tana kuma gyara barci. Game da lokacin shan ƙwayar, wanda take hana wa barci yakan fi jin daɗin shanta da safe bayan karin kumallo, kuma idan da dare kake sha ka tambayi likita ya mayar maka da ita safiya.

Idan firgicin ya taso maka, a aji ne ko a cikin mota, abin da ke faruwa shi ne kana jan numfashi da sauri fiye da buƙatar jiki, wannan ne ke kawo jiri da jin yatsu da leɓe kamar ana tsikarinsu, kai kuma ka ɗauka zuciya ce za ta tsaya. Ka dafa cikinka da hannu ɗaya, ka ja iska ta hanci kana ƙirga huɗu har ka ji cikin ya taso, ka sake ta a hankali ta baki kana ƙirga shida, ka yi ta maimaitawa na 'yan mintuna. Irin wannan firgici yakan kai ƙololuwarsa cikin kamar minti goma sannan ya fara sauka da kansa, kuma an riga an auna zuciyarka an tabbatar maka da lafiyarta. Ka yi ƙoƙari kada ka sauka daga motar ko ka fice daga ajin, domin duk lokacin da ka gudu kana koya wa kanka cewa gudun ne ya cece ka, gobe kuma tsoron wurin ya ƙaru. Ka riƙa gwada wannan numfashi sau biyu a rana lokacin da kake cikin natsuwa, don ya zame maka jiki kafin ranar buƙata. Ka kuma tambaya ko asibitin yana da masanin halayyar ɗan'adam da ke yin jinya ta hanyar tattaunawa, domin a ciwon firgici wannan hanya tana aiki ƙwarai, kuma abin da aka koya a cikinta yana zama tare da mutum bayan ya daina shan magani.

Ita kuwa Hajiya, kada ka yi jayayya da ita. Tsoronta yana da dalili, domin ta ga mutanen da aka kai asibitin ƙwaƙwalwa suka dawo jiki a sanƙare, baki na zubar da yawu, ta kuma ga samarin unguwa da ƙwaya ta lalata. Waɗancan magunguna ne na wasu cututtuka dabam, waɗannan kuma kayan maye ne. Sertraline ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa ƙishirwarsa yana neman ƙari, ko da yake idan lokacin dainawa ya yi ana janye shi ne a hankali don kada jiki ya ji jiri da kasala. Abin da ya fi shi ne ka roƙe ta, ko wani yayanka da take jin maganarsa, su raka ka wurin likita ta yi tambayoyinta da bakinta. Addu'a da azkar da tofi ba su yi karo da shan magani ba, kuma malamai sun san hadisin da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Sharuɗɗa biyu kawai zan gindaya: kada wani ya sa ka ajiye ƙwayar, kuma kada ka sha wani jiƙo ko gari da ba a san abin da ke cikinsa ba. Idan azumi ya same ka a kan maganin, tunda sau ɗaya ake shansa a rana, sahur ko buɗa-baki ya wadatar.

Kafin ka koma asibiti, ka sami ƙaramin littafi ka riƙa rubuta abubuwa huɗu kowace rana: lokacin da ka sha maganin, sa'o'in da ka yi barci, yawan kofi ko goron da ka ci, da ƙarfin fargabar daga ɗaya zuwa goma. Likitan da ke da layin mutane a ƙofa zai fi amfana da wannan shafi ɗaya fiye da dogon bayani, kai ma za ka ga sauƙin da ke shigowa a hankali wanda ba a lura da shi sai an waiwaya. Ka tambaye shi ko akwai buƙatar a auna jininka don duba ƙarancin jini da aikin thyroid, wato ƙullutun da ke gaban wuya wanda kumburinsa ke zama maƙoƙo, domin thyroid ɗin da ke aiki fiye da kima yana kawo bugun zuciya da rawar hannu da rama, kamar dai ciwon fargaba. Idan maganin ya taɓa maka sha'awa, wanda yakan faru, ka faɗa masa ba tare da jin kunya ba, akwai abin da za a iya yi. Ka sa a ranka cewa ko bayan ka warke za a so ka ci gaba da sha na aƙalla wata shida, sau da yawa har shekara guda, don kada ciwon ya dawo, saboda haka ka riƙa sayen maganin a kantin magani mai rajista, ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewarsa, kuma kada ka bari ya yanke maka.

Idan mako biyu kafin jarrabawa ka ga har yanzu ba ka iya zama ka yi karatu, ka nemi likitan ya rubuta maka takarda, ka kai ta asibitin makaranta su sa hannu, sannan ka miƙa wa malamin da ke kula da ajinku da shugaban sashe tun kafin a fara. Jami'o'i suna da tanadi ga ɗalibin da rashin lafiya ta hana shi zama jarrabawa, amma takardar da aka kai kafin ranar ita ake saurara, wadda aka kawo bayan sakamako ya fito kuwa da wuya ta yi amfani. Ka sake rubuto mini bayan ka ga likitan, ka gaya mini abin da ya yanke game da adadin maganin da kuma yadda barcinka ya kasance bayan ka rage kofin.